Haɗejiya nawa ce? Gari, ƙaramar hukuma ko ƙasa

Baban Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon 'yan ƙasar Haɗejiya da ke nan su warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

A Kakuri ta Kaduna aka haife ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya baro gida yana saurayi ya kama aiki a masaƙa, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Tun muna yara maganarsa ɗaya ce: "Mu Haɗejawa ne." Ko kifi aka kawo gida sai ya ɗanɗana ya girgiza kai ya ce bai kai na gida ba. Saboda haka duk inda aka tambaye ni ƙaramar hukumata, Haɗejiya nake cewa, ko ɗar ban taɓa yi ba. Ni tela ne, ban taɓa neman aikin gwamnati ba, shi ya sa babu abin da ya taɓa kai ni karɓo takarda.

To yanzu babbar 'yata ta samu gurbin karatu a jami'a, an ce ta kawo takardar shaidar asali. Na kira baffana, ƙanin mahaifinmu wanda shi kaɗai ya rage a gida, na ce ina tafe zan je sakatariyar Haɗejiya. Sai ya ce, "Me za ka yi a can? Ai ƙauyenmu a Kiri Kasamma yake, gab da Baturiya." Na ce Baffa, to ba Haɗejawa ba ne mu? Ya ce Haɗejawa ne mu tun kaka da kakanni. Na ce to yaya ke nan? Sai ya ce in zo kawai, maganar ta fi ƙarfin waya.

A akwatin mahaifinmu akwai wata tsohuwar takardar haraji da ya adana, hatimin En'e ta Haɗejiya ne a jiki, babu inda aka ambaci Kiri Kasamma. Shin tsohon ne ya yi kuskure, ko kuwa bayan tahowarsa aka canza abin? Yaushe aka raba, wa ya raba? Takardar dai zan je in karɓo, amma abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yana shida suna tambayata daga ina muke, ni kuma ba na so in ba su amsar da ni kaina ban gane ba.

Tsohon Hedimasta

Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Mahaifinka bai yi kuskure ba, baffanka ma gaskiya ya gaya maka. Abu uku ne suke amsa suna ɗaya.

Akwai garin Haɗejiya, mai ganuwa da fada. Akwai ƙaramar hukumar Haɗejiya, wadda kusan garin ne kawai da gefensa. Mazaɓunta 11, kuma in ka ji sunayensu, irin su Matsaro, Majema, Rumfa, Dubantu, Yankoli, Kasuwar Ƙofa da Sabon Garu, ka san yawanci unguwanni ne. Mutum kan hau babur daga tsakiyar gari, kafin ya gama gaisawa da mai babur ɗin sun shiga ƙasar wata ƙaramar hukumar. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 100,000, amma a faɗin ƙasa tana cikin mafiya ƙanƙanta a Jigawa. Sai ta uku, ƙasar Haɗejiya, wato masarauta, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Da mahaifinka ya ce ku Haɗejawa ne, wannan ta ukun yake nufi, kuma a lokacin da ya bar gida ita kaɗai ce hukumar da ya sani.

Takardar harajin nan da ka gani, ka adana ta da kyau. Zamanin Turawa har zuwa bayan 'yancin kai, mulkin ƙasa a hannun En'e yake. Sarki ne shugabanta, tana da baitulmalinta, da alƙalanta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, duk a ƙarƙashin Lardin Kano. Kuɗin haraji da jangali daga hannun mai unguwa suke tashi, su je ga bulama (mu nan dagaci bulama muke ce masa, kalmar Barebari ce), daga shi sai hakimi, daga hakimi sai baitulmali a Haɗejiya. Saboda haka manomin Guri da na Kafin Hausa hatimi ɗaya ne a takardarsu.

Da aka yi Jihar Kano a 1967 muna ciki. Daga nan aka fara zare wa En'e ƙarfi, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Babban canjin ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, aka fitar da 301. Tsohuwar Jihar Kano ta samu 20, ƙasarmu ta samu biyu a ciki, Haɗejiya da Kafin Hausa. Ina aji ina koyarwa a lokacin, kuma na tuna yadda dattawa suka kasa gane cewa yanzu ba fada ake kai ƙorafin rijiya ko na rufin makaranta ba. Wani tsoho ya taɓa tambayata wai shi ciyaman ɗin nan wa ya naɗa masa rawani. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, sai igiyar da ta ɗaure talaka da hakimi ta ƙara sassautawa.

Sauran shidan a hankali aka yi ta yanko su, zamanin Babangida da na Abacha. A 1991 adadin ƙananan hukumomin ƙasa ya kai 589, a 1996 ya kai 774, kuma a wannan zagayen na ƙarshe ne Auyo da Guri suka samu nasu. Kowane yanka daga jikin tsofaffin biyun nan aka yi shi, shi ya sa ƙaramar hukumar Haɗejiya ta yi ta motsewa har ta koma iyakar gari. Tun daga 1999 kuma ba a ƙara ko ɗaya ba, domin tsarin mulki ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ƙari kuwa sai Majalisar Tarayya ta sa hannu.

Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka yi ta. Ba zan ɓoye maka ba, ranar mutanenmu da yawa ba su yi barci da daɗi ba, domin Jihar Haɗejiya aka daɗe ana nema, sai ga jiha ta zo da hedikwata a Dutse. Har gobe akwai masu wannan neman. Ni dai abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba a yayyaga ƙasar ba. Cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da masarautu 5, takwas ɗinmu su ne mazaɓar sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas, babu ƙari babu ragi. Kujerun Majalisar Wakilai uku ne: Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa, sai Malam Madori da Kaugama, sai naku, Birniwa da Guri da Kiri Kasamma.

Batun takarda kuwa, in ka isa ka sa baffanka gaba ku je wajen bulamanku ya shaida cewa ɗan wane ne kai, ya tura ku ga hakimi, daga nan sai sakatariyar Kiri Kasamma. Ka tafi da yarinyar in da hali, da hotunanta.

Ɗan Fadama

Baba Hedimasta ya gama maganar hukuma, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Guri ne, maƙwabcinku ke nan Yaya Baban Ummi, kuma abin da nake so ka sani shi ne ƙasar nan ba a gane ta a kan taswirar sakatariya, sai a kan ruwa.

Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Ya biyo ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya shigo mana ta yamma. Daga nan ƙasa ta kwanta shimfiɗe, babu dutse babu kwari mai zurfi, sai jigayin yashi da fadamu a tsakaninsu. Da ruwan ya rasa gangara sai ya rarrabu. Wani reshe ya nufi Kafin Hausa. Bayan an wuce garin Haɗejiya ya sake rabuwa, akwai tsohon kogi, akwai Burum Gana, akwai kuma mashigar Marma wadda take kai ruwa har tafkin Nguru. Abin da ya tsira ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su zama kogin Yobe, ya tafi Tafkin Chadi. Ƙauyenku yana tsakiyar wannan rabe-raben. Shi ya sa mahaifinka yake raina kifin Kaduna.

Kakana yana ba mu labari cewa a da ruwa kan zo wajen watan takwas zuwa tara, ya malale fadama, a shuka shinkafa, a kama tarwaɗa da karfasa. In ya janye a bi danshinsa a shuka wake da sauransu, bayan girbi Fulani su shigo da shanu. Gona ɗaya mutum uku suke ci a shekara, masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa. Da rani kogin bushewa yake yi, a taka da ƙafa.

Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, lissafin ya canza. Ambaliyar da ake jira ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana rani da damina. Wannan ruwan da ba ya yankewa shi ya raino kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta fi mutum. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, sai ruwan ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta inda ba a so. Gonar mahaifina ta shinkafa yau shekara da shekaru kacalla ce a ciki, ko kwalekwale ba ya ratsawa. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su tashi kamar hadari su sauka a gonar mutum. Ina da shekara goma aka fara tura ni kora da gwangwani da igiya tun asuba.

Ga inda maganar ta haɗu da tambayarka. In aka toshe a Kiri Kasamma, mu a Guri muke kwana a ruwa ko mu rasa shi gaba ɗaya. In an buɗe madatsar da ke wajen Auyo ko an rufe, kowa a ƙasa sai ya ji a jikinsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su tambayi kowa takardar shaidar asali ba, kuma jingar da matasa suka yi ta yi da buhunan yashi don kare garin Haɗejiya, ruwan da ta tare wani wajen ya nufa. Babu ciyaman ɗin da zai iya gyara kogi shi kaɗai, domin iyakarsa ta ƙare kafin matsalar ta ƙare. Mu da muke aikin gayya muna yanke kacalla da lauje, tsaye cikin ruwa har ƙirji, ba ma tambayar wane daga wace ƙaramar hukuma yake.

In ka zo da sanyi, ka sa a kai ka dajin Baturiya. Tsuntsaye ne daga Turai suke zuwa su yi hunturu a nan, kuma tun 2008 aka sa wurin cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. Ka kai yaran su gani.

'Yar Auyo

Sannunku da ƙoƙari. Baba Hedimasta, a gafarce ni, ina da ɗan gyara. An yi ta cewa ƙasar Haɗejiya kamar tun fil azal haka take, alhali Auyo ta girmi wannan tsarin nesa ba kusa ba. Kafin jihadi ƙananan sarautu ne a yankin kowa da sarkinsa: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, kuma Barno suke bi ta hannun Galadima da ke Nguru. Garun Gabas ɗin nan da ke ƙasar Malam Madori ita ce ake cewa Biram ta cikin Hausa Bakwai. Mu Auyokawa har harshenmu gare mu, Auyakanci, wanda ya ɓace, yau babu mai yin sa. Kakata takan ce abin da ya fi ba ta takaici ke nan, a ce mutane suna da bakinsu su wayi gari babu ko mai ƙirga ɗaya zuwa goma da shi.

A 1981 Rimi ya ɗaga wasu sarautu zuwa masarautu, ciki har da Auyo da Dutse da Gaya da Rano, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya rushe. Saboda haka da aka ba mu ƙaramar hukuma a 1996, a wajen iyayenmu ba maganar sakatariya ba ce kawai, sunan garinsu ne ya dawo kan takarda.

Malam Baban Ummi, in ka je ka tambayi baffanka su wane ne kakanninku. A gabashin ƙasar nan akwai Mangawa da Badawa da Gizimawa da Fulani, da yawa sun koma Hausa a baki. Kana iya tararwa kakarka ba da Hausa take yi wa mahaifinka waƙar reno ba.

Tsohon Hedimasta

'Yata, gyaranki ya karɓu, haka abin yake. Na tsaya a kan hukuma ne don ita aka tambaya, amma tunda kin buɗo ƙofar bari in shiga.

Waɗannan sarautun jihadi ne ya haɗe su. Umaru, shugaban Fulanin yankin, shi ya samu tutar Shehu, ƙaninsa Sambo kuma ya zauna a Haɗejiya a 1808 ya yi sarauta har 1845. Shi ya faɗaɗa garin ya mai da shi hedikwata. Sunan garin kansa, in ji masu ba da labari, daga wani maharbi ne Haɗe da matarsa Jiya.

Wanda ya shata ƙasar da takobi kuwa ɗan Sambo ne, Buhari. Ya hau a 1848, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo da ƙarfi ya ƙwace garin, ya juya wa Sakkwato baya har ƙarshen ransa. Rundunar da aka haɗo masa daga masarautu ya tarwatsa ta a Gamon Kafur. Ya ci Marma ya haɗe ta da Haɗejiya, wato yankinku ke nan Baban Ummi, ya matsa wa gabashin Kano da Katagum, ya rasu a 1863 wajen yaƙin Gorgoram ta Badawa. Ni ba na cikin masu ba da labarinsa da kirari kaɗai. Jarumi ne wanda ba a taɓa irinsa ba a nan, amma garuruwan da ya ƙone da mutanen da aka kama bayi su ma kakannin wasu ne, wasunsu ma suna cikin masu karanta wannan. Ɗalibaina na Miga da Jahun labarin da suka ji a gida daban yake da wanda na ji a namu, kuma na koyi in saurare su.

Sai 1906. Kano da Sakkwato sun faɗi tun 1903, Haɗejiya ta ƙi miƙa wuya. Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojan Turawa suka shigo da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu ya ƙi gudu, aka yi yaƙi cikin gari har ƙofar fada, aka kashe shi tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa da dama. Shi ne Mai Shahada. Bayansa aka naɗa Haruna, sai Abdulƙadir a 1909, Usman a 1925, Haruna Abdulƙadir a 1950, Abubakar Maje a 1984, sai mai martaba na yanzu Adamu Abubakar Maje tun 2002. Takardar mahaifinka, in lissafina daidai ne, ta zamanin Sarki Haruna Abdulƙadir ce.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: da aka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa a 1930, bai bi ta garin Haɗejiya ba, ta Malam Madori da Birniwa ya bi. Gyaɗa da fata a Malam Madori ake auna su a loda, kantunan 'yan kasuwa suka taru a tasha, ƙauye ya zama gari. Ina kyautata zaton a wannan tashar mahaifinka ya hau jirgin da ya raba shi da gida.

Ɗan Fadama, maganarka ta ruwa ita ce gaskiyar da ta fi ɗaci. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina fata in kuɗin ya zauna a hannunsu, ciyamomin da kogi ya ratsa ƙasarsu su haɗa aljihu su sayi injin yashe hanya tare, maimakon kowa ya gina shaguna a bakin tasha.

Baban Ummi

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya gafarta wa iyaye. Baba Hedimasta, jiya da dare na karanta wa yaran amsarka tun daga farko, ƙaramin ya sa na maimaita masa sunayen takwas ɗin har ya haddace.

Na sake kiran Baffa na yi masa tambayar Hajiya 'Yar Auyo. Ya yi shiru, sannan ya ce mahaifiyarsu Bamangiya ce daga wajen Birniwa, kuma mahaifinmu yana jin Manganci sarai, har ya kan yi mata tafinta a asibiti. Shekara talatin da ɗaya na zauna da mutumin nan ban taɓa jin kalma ɗaya a bakinsa ba. Ya kuma tabbatar da cewa a Malam Madori suka raka shi jirgi, shi Baffa ne ma ya ɗaukar masa akwatin, wannan dai da takardar take ciki.

Ranar Alhamis za mu taso ni da Ummi da ƙannenta maza biyu, mu kwana a Kano, da safe mu bi ta Ringim da Gujungu. Baffa ya riga ya gaya wa bulama. Ɗan Fadama, ya ce gonar mahaifinmu tana nan amma rabinta kacalla ta cinye, kuma ranar Asabar mutanen ƙauyen suna da gayyar yanka. Na ce a ajiye mini lauje ɗaya. Me ake sawa a ƙafa in za a shiga, ko haka nan ake shiga?